Zumunta a Ƙafata Take

Duk wanda ya taɓa shiga layin hatsi a kasuwar Dawanau ya san ni. Wanda bai san ni ba kuwa ya ji muryata, don in na yi dariya a rumfarmu, tantabarun da ke kan sito na bakwai sai sun tashi. Ni ne Garba Harshe. Ba don surutu aka laƙaba mini sunan ba, ko da yake mahassada haka suke faɗa. Shekara ashirin da biyu ina dillancin hatsi, kuma abu biyu nake taƙama da su a duniya. Na ɗaya, ɗora mini ƙwayar dawa guda a harshe, in gaya maka garin da aka noma ta, da takin da aka zuba mata, da ko manomin yana zaman lafiya da matarsa. Na biyu, tun da aka yaye ni lomar sadaka ba ta taɓa bi ta maƙogwarona ba. Ni ke bayarwa, ba a ba ni.

Ku riƙe mini waɗannan biyun, za mu dawo kansu.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, yau ina da ƙafa biyu da yatsu goma cif, na ƙirga su da safen nan, alhali saura ƙiris da tuni guda ta riga ni shiga ƙasa. Ina so duk mai cika baki irina ya karanta ya ji tsoron Allah, ya kuma ji tsoron ƙishirwar da ba ta jin ruwa.

Da ita aka fara, tun tsakiyar damina. Sai in sha moɗa uku in ajiye, kafin in goge baki maƙogwaro ya sake bushewa kamar fadama a bazara. Randar gidanmu in ta hango ni sai ta fara zufa. Abin da ya shiga kuwa dole ya fita, har na buɗe wa kaina burtali tsakanin ɗakina da banɗaki. Ga ci kamar gara, ga rama. Wandon da a da sai na riƙe numfashi nake ɗaure shi, yanzu mazagi ya zagaye ni ya dawo yana neman ƙarin aiki. Matata Hajara ce ta fara tsarguwa. Wata safiya ta ce, "Malam, kiyashi fa sun yi dandazo a inda kake kama ruwa." Na ce, "To, ai ko kiyashi sun san mutum mai daɗin zama." Ta ce in je a auna ni. Na ce ni ne mai awo, ba a auna ni.

Ranar da muka gama yankan gero a gonarmu da ke bayan gari, can gefen Dawakin Tofa, na dawo gida ina ta zuba wa yara labari, sai Hajara ta yi salati tana nuna tabarma. Jini. Tsinin karan gero ya huda silifa ya shige tafin ƙafata ta dama, na yi ta yawo da shi tun hantsi ban ji komai ba. Maimakon gabana ya faɗi, sai na bugi ƙirji: "Kun ga jarumi? Ko mashi na taka sai an gaya mini!" Jama'a, in kuka taka abu ya shige ku ba ku ji ba, ba jarumta ba ce. Ku nemi mota.

Mako na farko a hannun yayana Ilu na yi shi, mutumin da bai taɓa ganin cutar da ba shi da maganinta ba, kuma bai taɓa warkar da ko mura ba. Ya sa aka gasa ciwon da ruwan gishiri, ya sa toka, ya sa man shanu, ya ɓare kafso daga kemis ya barbaɗa garin a ciki kamar mai zuba yaji a tsire. Mako na biyu ƙafa ta kumbura ta zama kabewa, ta fara wani wari da ya sa kajin gidan suka ƙaurace wa ƙofar ɗakina. Ilu ya ce jifa ne, an ga ina samu a kasuwa. Wannan bayanin ya yi mini daɗi ƙwarai, don ya nuna ni wani ne. Zazzaɓi ne ya katse mana hanzari. Da ya kwantar da ni har na fara gaisawa da kakata da ta rasu tun ina yaro, Hajara ba ta sake neman shawarar kowa ba, ta kira mai a-daidaita-sahu.

Babban asibiti a birni, Allah Ya sa kada ku je sai dubiya. Layin yankar kati kawai, wanda ke gabana da muka shiga ba shi da gemu, kafin mu kai taga har ya fara furfura. Daga nan layin awon jini, layin ganin likita, layin biyan kuɗi, sai layin tambayar wane layi ne wannan. Da nas ta soka mini yatsa ta ɗiga jinin a ɗan injinta, sai ta dubi injin, ta dube ni, ta girgiza shi, ta sake gwadawa. Ta ce, "Baba, da ƙafarka ka shigo nan?" Na ce, "Da guda da rabi."

Likitar wata 'yar siririya ce mai tabarau, ba za ta girmi 'yata ta fari ba, amma in ta yi magana sai ka ji kamar alƙali. Ta ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe yana cina. Shi ya kashe mini jin ƙafar, shi ne kuma zai hana ciwon warkewa in ba a sauke shi ba. Kwana tara na yi a gado, ana allura, ana wanke ciwo irin wankin da ya sa na tuna duk mangwaron da na sata ina yaro. Ragon da nake kiwo don layya ya tafi, buhunan waken da na ɓoye sai ya yi tsada su ma suka bi shi. Ranar sallama ta ba ni ƙwayoyi ta ce kada in tsallake ko ɗaya, sannan ta kama hannuna ta dunƙule shi ta ɗaga mini a fuska.

"Ka ga wannan? Duk tuwon da ya fi dunƙulen hannunka, ba naka ba ne. Sauran kwanon a cika shi da ganye da wake. Ba suga, ba lemon kwalba. Magani rabi ne, tukunya rabi."

Na dubi dunƙulen nan. Ni da malmala uku ce gaisuwata da kwano, kafin a fara cin abinci. Kuma wake! Waken da na sayar jiya-jiya don in biya gadon da aka kwantar da ni aka ce in ci wake!

Muka dawo gida, 'yan dubiya suka yi ta zuwa, Allah Ya saka musu da alheri. Amma ina da ƙorafi. Mutum ya ji ciwon suga ne, ya taso tun daga Tofa ya kawo maka rake ɗauri guda da lemon kwalba. Wani ya kawo alewa ya ce ta yara ce, ya ajiye ta a gefen matashina. Abokan kasuwa da muka ci muka sha tare kuwa, yawancinsu a waya suka yi jinyata: "Harshe, yaushe za ka fito ne? Layi ya yi shiru." Ni ma ban bar kaina a baya ba. Likita ta ce ba suga, na bi umarni sau da ƙafa, na daina sa suga a koko. Sai na koma mazarƙwaila. Ai ita ba fara ba ce, kuma ba a kwali take zuwa ba. Ilu ya tabbatar mini da haka, ya ƙara da cewa zuma ma in riƙa shan cokali bakwai safe da yamma. Hajara kuma abin da ya rage a rumbu take dafawa, masara da gero. Ta rage mini malmala, in yi ta yi mata magiya da kirari har ta ƙara.

Ana haka sai ga Saratu da kwano.

Bari in gaya muku ko wace ce. A gabashin garinmu akwai unguwar Kiristoci, Hausawa ne kamarmu, kakanninmu rijiya ɗaya suka sha, gona na jikin gona. Saratu matar marigayi Bulus ce, wanda ya girme ni, shi ya fara kai ni Dawanau ya koya mini riƙon mudu. Yaya nake ce masa, don haka ita matar yaya ce, tsakanina da ita sai tsokana. Ita ce shugabar zumuntar matan cocinsu. Suna da wata al'ada: duk macen da za ta ɗebi hatsin girki, sai ta fara cire dintsi ɗaya, wato cikin tafin hannu, ta zuba a wata tukunya daban. Ranar Lahadi su haɗa. Laraba da Asabar su ɗora manyan tukwane a tsakar gidan Saratu, su aika wa tsofaffi da marayu da masu jego da marasa lafiya, ba sa tambayar ina mutum yake fuskanta in zai yi addu'a. Ni na sa musu suna 'yan dintsi. In na gan ta a kasuwa sai in ce, "Matar yaya, yaushe dintsin zai cika tirela in zo in yi muku dillanci?"

Ta yi sallama ta zauna a bakin ƙofa, ta daɗe tana duban ƙafar. Sannan ta buɗe kwanon. Ɗan tuwo ne kamar ƙwan agwagwa, ga miyar ganye har baki.

"Garba, ka ci wannan. Kullum zan riƙa aiko maka har ka tashi."

"Matar yaya, wannan tuwo ne ko samfur? A Dawanau in za mu nuna wa mai saye kaya, mun fi haka ɗebowa."

"Ci dai."

"An sa ni a layin 'yan dintsi ke nan? Ni Garba? Ki kai wa mabuƙata, gidan nan akwai rumbu."

"Yayanka ma rumbunsa cike yake ranar da aka yanke masa ƙafa."

Sai na tuna. Mu a gari cewa muka yi ciwon daji ne ya ci Bulus, wasu suka ce jifa. Amma girman kai ya riga ya hau mini wuya. Na ce Hajara ta mayar mata da kwanonta, ta kuma zuba mata gero mudu guda tukwici, don a san wa ke ba wa. Saratu ta karɓi geron, ta ce za a sa a tukunyar Laraba, an gode. Ta tafi. Hajara ba ta sake yi mini magana ba ranar, ko da yake ban lura ba sai da la'asar, don ni nake ta yi.

Da mako biyu suka cika muka koma asibiti. Likita ta warware bandeji, ta ga bakin ciwon ya fara duhu. Ta tambayi me nake ci. Na ce suga kam mun rabu har abada, sai 'yar mazarƙwaila da zuma. Ta cire tabarau ta ajiye a tebur, ta rufe ido, ina jin addu'ar neman haƙuri take yi.

"Baba, mazarƙwaila suga ne da bai yi wanka ba."

Sannan ta ɗauki biro ta ja layi a ƙafata, sama da idon sawu kaɗan.

"Mako biyu na ba ka. In ka dawo baƙin nan ya ƙaru, daga nan za mu yanke."

Duk hanyar dawowa ban ce uffan ba. Mai a-daidaita-sahun ya san ni, sai da ya juyo sau biyu ya duba ko ina numfashi. Dillali ba shi da jari sai ƙafarsa. Da ita yake bin mota tun kafin ta tsaya, da ita yake zaga sito goma ya nemo wa baƙo farin wake. In na dubi layin biron nan sai in ga kaina zaune a gefen rumfa da sanda, ana ba ni abin shan ruwa don tsohon sabo. Na hana a wanke layin. In ya dushe sai in karɓi biron yara in sake bin sa, don in na ji ƙamshin mazarƙwaila in dube shi.

Washegari Hajara ta shigo da samirarta mai furanni, wadda murfinta ya lotsa tun ranar da na zauna a kai bisa kuskure. Ta ce ta yi tambaya, ta koyo girkin masu suga. Na buɗe. Ɗan tuwo daidai dunƙulena, ga miyar zogale da wake da ɗan busasshen kifi tana ta ƙamshin daddawa. Na kai loma ɗaya. Jama'a! Na ce, "Hajo, shekara ashirin da biyar kina ɓoye mini wannan hannun?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ci dai, Malam."

Daga ranar aka shiga sabuwar duniya. Yau tuwon alkama da ɗanyar kuɓewa, gobe faten wake da alayyahu, jibi dambun da zogalensa ya fi tsakinsa yawa, gata faten acha da yakuwa. Da safe kwaɗon rama ko dafaffen ƙwai. Na tambaye ta ina take samun alkama da acha, ta ce musanya ake yi da gero, kuma ba ƙarya ta yi ba. Kullum da hantsi takan saka hijabi ta ce za ta lambu tsinko ganye. In ji ta dawo, in ji daka, in ga hayaƙi, sai ga samira. Yunwa kam na sha ta a makon farko, har mafarkin malmala nake yi tana kirana da sunan yanka. Amma ƙishirwa ta fara sauka, randa ta samu hutu, burtalin banɗaki ya fara fitar da ciyawa.

Harshe kuma ya koma bakin aiki. In 'yan dubiya sun zo sai in ɗanɗana in yi musu fashin baƙi. "Wannan waken na gonar surukina ne, jar ƙasa, ina jin ta. Miyar nan kuwa hannun Hajara ce, ko cikin mata dubu aka ɓoye ta zan fito da ita. Kowace mace da irin gishirinta." Ilu ya lasa ya ce lallai, abin a jinin gidan su Hajara yake. Har saƙo na aika wa Saratu cewa ta zo ta ɗauki darasi wajen matata, kyauta. Aka dawo mini da amsa wai ta gode, tana nan zuwa in ta samu sarari.

Ranar komawa asibiti ina ta jan addu'a tun daga kwanar Dawanau har ƙofar likita. Ta warware bandeji a hankali, ta matso da fitila, ta daɗe tana dubawa. Duhun ya tsaya inda yake, daga ciki kuma jan nama sabo ya fara tasowa.

"Ba mu tsira ba tukuna," in ji ta, "amma yau ba zan kira masu wuƙa ba. Wa ke yi maka girki?"

"Matata, ga ta nan!"

"Ka riƙe ta da kyau."

Hajara ta ɗaga kai tana ta kallon fankar silin kamar ba ta taɓa ganin fanka ba.

Zuwa na gaba ramin ya ragu. Na bayansa kuwa, likita da kanta ta ɗauki auduga ta jiƙa ta goge layin biron nan tas. Na yi wata kabbara da ta sa wani tsoho da aka shigo da shi a keken marasa lafiya ya miƙe tsaye. Na gaisa da nas, na gaisa da mai shara, na gaisa da mutanen layin kati ɗaya bayan ɗaya ina nuna musu ƙafata. Likita ta ce magani da dunƙule sun zama abokan zamana har ƙarshen rayuwa, in sayi takalmi rufaffe, in riƙa duba tafin ƙafata kullum kamar yadda nake duba hatsi, in kuma fara ɗan tattaki.

Wata Laraba da hantsi, Hajara ta tafi lambu, na saka sabon kambas na ɗauki sanda na fita. Na bi ta gabas, ta tsakanin gonakin da aka gama yanke dawa, ina taka ƙasa kamar ango. Ban yi nisa ba sai iska ta kawo mini ƙamshi. Zogale, wake, busasshen kifi, daddawa. Hancina ya ce Hajara na girki. Hankalina ya ce gidanka fa yana bayanka. Na bi hanci.

Ya kai ni ƙofar gidan Saratu. Tsakar gida cike da mata, wasu na tuƙi, wasu na kwasa, suna 'yar waƙarsu ta coci ƙasa-ƙasa. Manyan tukwane uku a kan wuta. A gindin katanga an jera kwanuka, samira da roba da kula da ƙwarya, sun kai har bakin turken awaki. Na gane kwanon gwaggon Liman. Na gane na makahon da ke zama a bakin masallacin Juma'a. Can gefe guda kuma ga wata 'yar tukunya a kan nata murhun, Saratu na tsaye a kanta. Kusa da ita, a kan kujera 'yar tsuguno, ga samira mai furanni da lotsattsen murfi. Lotsawar nan na san ta, ni na yi ta da kaina. Gefen samirar kuma ga Hajara a tsugune tana tsinke zogale.

Na yi sallama, muryata ta fito kamar ta ɗan tsako.

Hajara ta saki tire. Waƙa ta tsaya. Saratu ko juyowa ba ta yi ba.

"Maraba da mai ba da darasi. Ku ba shi kujera, ƙafar nan tamu ce, kada ya ɓata mana aiki."

Na zauna. Na ce, "Hajo, lambun ke nan?"

"Ai ga ganyen, Malam."

"Dakan da nake ji fa? Da hayaƙin?"

"Yara ba za su ci abinci ba?"

Matan suka kwashe da dariya har wata ta riƙe katanga. Saratu ta sauke 'yar tukunyar, ta goge hannu a zani, ta zo ta zauna kusa da ni.

"Garba, ba daji ba ne ya ci yayanka, irin ciwonka ne. Sai da aka yanke ƙafar sannan aka koya mini girkin nan a asibiti. Wata huɗu kawai ya ci. Na iya girki, mai ci ya tafi. Shi ne na yi wa Ubangiji alkawari, duk wanda ciwon nan ya kama a garin nan, in dai ina da hannu, ba za a yanke shi don rashin tukunya ba. Matan nan suka yarda a riƙa ɗiban geron dintsi ana musanyo alkama da wake da acha. Kai ne na huɗu. Ka kuma fi sauran ukun surutu. Kifin ma wajen mutanenku muke saya, kada Ilu ya ce wani abu."

Wani abu ya shiga idona, hayaƙi ne, itacensu ɗanye ne. Da na goge sai tsohon halin ya motsa. Na ce, "Wato wata biyu ina cin sadaka. To, ina komawa kasuwa zan aiko da buhu biyu, a cire sunana."

"Nan ba a biya, kuma ba a rubuta suna balle a cire. Dintsi ake sawa. Gidanka ma ai ya daɗe a ciki."

"Wane gidan?"

Hajara ta ce, ba ta ɗago ba, "Tun shekarar da Yaya Bulus ya rasu nake sa nawa, Malam. Ni da matar Liman da wasu."

"Daga buhuna? Buhun da in ɓera ya ɗauki ƙwaya ɗaya nake sani?"

"Shekara bakwai ke nan."

A wurin na ci abincin ranar, a cikin samirata, a gaban kowa, na kuma suɗe kwanon.

To, ga abin da zan bar muku. In ƙishirwa ta ƙi jin ruwa, in kiyashi suka fara bin ku, ku je a auna ku ko da ku ne sarkin awo. Kada ku sa toka a ciwo. Mazarƙwaila suga ce. In kuna da yaya irin Ilu, ku so shi, ku girmama shi, kada ku nuna masa ciwonku. In za ku dubiyar mai suga ku kai masa wake, ku bar raken a gona. Ina godiya ga likitar nan da bironta, da Hajara da ta yi mini wayon da ya fi gaskiyata amfani, da matan zumunta ɗaya bayan ɗaya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Tawa kam a ƙafar dama take, ina tafe da ita.

Na koma Dawanau. Samfurin da muke soko wa masu saye daga buhu, wanda a da tantabaru ke cinyewa, yanzu na ajiye masa tukunya a rumfa, kuma duk dillalin da ya wuce bai zuba dintsinsa ba sai na yi masa kirarin rowa har layin masu gyaɗa su ji. Ranar Asabar da ta wuce na kai musu abin da ya taru da kaina. Na tarar an sauke 'yar tukunyar masu suga, don yanzu akwai na biyar, wani tela. Na ce a ɗan sa mini a cokali. Na lasa, na lumshe ido, na juya shi a harshe yadda masana ke yi.

"Yawwa! Wannan hannunki ne, matar yaya. Yanzu kam ko cikin mata dubu aka ɓoye ki zan fito da ke."

Saratu ta dube ni, ta dubi matan.

"Yau Hajara ce ta yi. Garba, ƙafar dai mun ceto ta. Harshen nan ne ban san asibitin da za a kai shi ba."